Tukunyar aiki da tukunyar kallo: amsa ga wata ɗaliba daga Gombe

Wata ɗaliba daga Gombe da ke shekarar ƙarshe a karatun fasahar yumɓu ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, barka da aiki. Kakata maginiyar tukwane ce, a gabanta na fara taɓa yumɓu. A makaranta an ce mini in dai ina son a kira ni mai fasaha, to in bar tulu da kasko in koma ginin siffofi irin waɗanda ake kaiwa baje koli. Na gina wani abu, na gasa, na kai gida da murnata. Kaka ta karɓa ta jujjuya shi, ta leƙa sama ta leƙa ƙasa, sai ta ce, 'To, me ake zubawa a ciki?' Na rasa abin da zan ce mata. Shin ginin tukwanen amfani da ginin abin kallo sana'a ɗaya ce ko biyu? Wanne ya kamata in kama?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa kaka lafiya da nisan kwana. Kada ki ɗauka rashin boko ne ya sa ta yi miki wannan tambaya. Ita ce tambayar da manyan masu sana'ar nan suka fi shekara 70 suna kai ruwa rana a kanta, daga Japan har Amurka. Na haura shekara 30 ina aikin yumɓu a nan Bauchi, ina koyarwa ina kuma gini da hannuna, kuma inda na tsaya shi ne sana'ar ɗaya ce. Tukunya ce uwa, ginin siffa ɗanta ne. Sai dai kowannensu da irin haƙƙin da ke wuyansa, kuma wanda bai rarrabe haƙƙin nan ba shi ne ke tashi a tutar babu.

Wuta ce ta fara koya mini wannan, ba littafi ba. A shekarata ta biyu da fara koyo na gina wani dunƙulallen abu mai tsayin kamu guda, yumɓu zalla har tsakiya, ban rarake shi ba. Na bar shi sati biyu, bayansa ya bushe ƙayau, na ɗauka shi ke nan. Muka jera shi a tanderu tare da kofuna da kwanonin abokan karatuna. Wuta ba ta yi awa biyu da kamawa ba muka ji ƙara kamar taya ta fashe. Da aka buɗe washegari, nawa ya tarwatse, ya kuma tafi da aikin mutum huɗu, ciki har da butar shayin wata baiwar Allah da ta yi wata guda tana fama da ita. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji ba daɗi. Dalilin kuwa a fili yake. Ruwan da ya maƙale a tsakiyar yumɓu tururi yake zama da zarar zafi ya kai digiri 100, in bai sami mafita ba sai ya yi wa kansa. Shi ya sa duk abin da kaurinsa ya wuce kamar yatsu biyu dole a rarake shi, a bar masa bango mai kauri ɗaya ko'ina, a huda masa kafar da iska za ta bi. To abin da ke da bango, da ciki fanko, da kafa, mene ne sunansa in ba tukunya ba? Mai sassaƙa itace ko dutse daga waje yake farawa, yana ragewa har siffa ta fito. Mu kuwa iska muke kewayewa da bango, kuma wannan dabarar a wurin masu ginin tulu aka gaje ta.

In kin sami hali ki je gidan tarihi na Jos, tafiyar kamar awa biyu ce daga Bauchi, ki tsaya gaban kawunan Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, kuma sun haura shekara 2,000. Fanko ne cikinsu. Da igiyoyin yumɓu aka ɗaga su hawa-hawa, kamar yadda kakarki ke ɗaga randa. Ki dubi ƙwayar ido da hanci da baki, za ki ga a huje suke. Hujin ya ba fuskar rai, ya kuma ba tururi hanya ranar gashi. Hannun da ya yi wannan aiki hannun wanda ya san tukunya ne.

Ba ma sai kin bar jiharku ba. A ƙasar Cham da ke ƙaramar hukumar Balanga, da wajen maƙwabtansu Longuda, akwai tsohuwar al'adar gina ƙananan tukwane masu kai da baki a buɗe, wasu da ƙuraje a jiki, wasu da ƙaya, wasu da kumburarren ciki. Mutanen Cham na kiransu itinate, Longuda kuma kwandalowa. A fahimtarsu ta gargajiya, kowace cuta da siffar tukunyarta, kuma ana gina ta ne don a raba marar lafiya da cutar a mayar da ita cikin tukunyar. Wata mai bincike daga Amurka, Marla Berns, ta zauna a yankin Gongola a farkon shekarun 1980 tana nazarinsu, kuma a 2011 an baje irinsu a gidan tarihi na Fowler da ke Los Anjalis. Al'adar ta ja baya ƙwarai tun da Musulunci da Kiristanci suka kafu a yankin, kuma ba ina kawo ta don a koma mata ba ne. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, da za ki tambayi wanda ya gina ta ko kayan aiki ce ko abin kallo, zai yi mamakin tambayar. Siffar ita ce aikin. Rabuwar da ake koya muku ta shigo ne da makaranta da zauren baje koli, inda aka ware ɗaki ɗaya aka ce na fasaha, aka ware wani aka ce na sana'ar hannu.

Wadda labarinta ya fi shafarki ita ce Ladi Kwali, matar da ke bayan takardar naira 20. Bagwariya ce daga garin Kwali, a gida ta koyi gini tun tana yarinya kamar ke. Randunanta sun yi fice har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana ajiye su a gidansa. Abujar da nake nufi ita ce Suleja ta yau. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi keken gini, wato faifan da ke juyawa ana ɗaga tukunya a kansa, ta yi kwanoni da kofuna kamar kowa. Amma ba ta bar randarta ba. Ta ci gaba da ɗaga ta da hannu, tana zana mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, sai dai yanzu da yumɓu mai jure babbar wuta. Ana cike zanen da farar ƙasa, a shafa mata gilez, wato ruwan nan da ke narkewa a wuta ya zama gilashi a jikin tukunya, sannan a gasa ta a zafin da ya haura digiri 1,200.

Ki tsaya ki yi tunani a kan abin da ya sami randar nan. Randar gida a fili ake gasa ta da itace da ciyawa, zafin ba ya wuce digiri 600 zuwa 900. A wannan zafi jikin yumɓu bai gama rufewa ba, akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar ta janye zafi daga ruwan ciki. Gumin da kike gani a jikin randa shi ne sanyinta. Da wannan hikima ce marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. To randar Ladi ta babbar wuta ta daina gumi. Jikinta ya toshe, gilez ya rufe ta, ta yi nauyin da ba mai ɗora ta a ka. Baki na nan, wuya na nan, ciki na nan, ƙadangaren na nan, amma ba za ta sanyaya wa kowa ruwa ba. A 1958 aka baje ayyukanta a Landan, masu kuɗi suka saya suka ajiye a falo. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Akwai asara a ciki, ba zan ɓoye miki ba: randa ta bar tsakar gida ta koma falon waɗanda ba su taɓa jin ƙamshin ruwan sabuwar randa ba. Amma abin da ya sa ta iya tsayawa a falon, har yau ake tsayawa a gabanta, shi ne kowane lanƙwasa na jikinta daga aiki ya fito. Faɗin ciki don ya ɗauki ruwa ne, matsewar wuya don kada ya fantsama, leɓen baki don hannu ya sami riƙo. Matan Gwari sun yi zamani bayan zamani suna gyara wannan siffa har ta daidaita. Da aka cire ruwan, daidaiton ya zauna.

Daga wannan cibiya ta Cardew wata hanya ta ɓulle. Magdalene Odundo, 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, ta zo Abuja a 1974 ta zauna gaban Ladi da sauran matan wurin ta koyi ɗaga tukunya da hannu. Yau tana cikin masu aikin yumɓu da suka fi daraja a duniya. Ba ta sa gilez. Gogewa take yi har jikin ya yi santsi, kamar yadda matanmu ke gogewa da tsakuwa ko zaren 'ya'yan kuka, ta gasa ya fito ja, wani ta sake gasa shi cikin hayaƙi ya koma baƙi wuluk. Ba wanda ke zuba komai a tukwanenta, amma ba ta taɓa rufe musu baki ba. In kin kalle su sai ki ga mace mai juna biyu, ko wuyan budurwa, ko kitso, alhali ba ido ba hanci. Ai harshenmu ma ya riga ya faɗa: tukunya na da baki, da wuya, da kafaɗa, da ciki, da kunne, da gindi.

Wasu kuwa bakin suka rufe da gangan. A Kiyoto ta Japan, a 1948, wasu samari 'ya'yan magina suka kafa ƙungiya mai suna Sodeisha, kuma babbar muhawararsu ita ce ko a bar wa tukunya baki ko a toshe shi. A 1954 jagoransu Yagi Kazuo ya juya zobe a keken gini, ya tsayar da shi a gefensa maimakon ya kwantar, ya dasa masa ƙananan bututu ta ko'ina. A shekarar ce kuma wani maginin tukwane Ba'amurke, Peter Voulkos, ya fara koyarwa a Los Anjalis, yana tsaga tukwane, yana huda su, yana ɗora wannan kan wancan. Ɗalibai na son labarin mutanen nan don yana kama da tawaye. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne Voulkos ya riga ya ci kyaututtuka da tukwanen amfani kafin ya fara tsaga su, Yagi kuma a gidan magini aka haife shi. Sun san ƙa'idar da suke karyawa ciki da bai. A nan gida, El Anatsui, mai fasaha ɗan asalin Ghana, ya yi jerin ayyuka a kan fasassun tukwane a Nsukka a ƙarshen shekarun 1970, tun kafin duniya ta san shi da murafen kwalabe. Ngozi-Omeje Ezema kuma tana rataya ɗaruruwan gutsattsarin gasasshen yumɓu da zare, su haɗu a iska su ba da siffar tulu ko butar shayi, kina gani kina kuma hango bayanta ta tsakaninsu. Duk nisan da suka yi, tukunya suke kewayawa.

Yanzu ga inda hanya ta rabu, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne.

Tukunyar aiki tana da alƙalai da ba sa karɓar uzuri: leɓe, da hannu, da wuta, da cikin mai ci. Ɗauki tandar masa, tun da a Bauchi muke. Akwai wata dattijuwa da ke suya kusa da gidana tun kafin a kira asalatu, na sha tsayawa ina kallon tandarta ta ƙasa. Zurfin kowane gurbi daidai yake da ludayi guda na ƙullu. Da ya fi haka zurfi, bayan masa zai ƙone cikinta na ɗanye. Da bai kai ba, ba za ta tashi ba. Gefen gurbin a kwance yake yadda cokali zai shiga ƙarƙashi ya juya ta ba tare da ta yage ba. Yumɓun kuma da garin tsingaro aka kwaɓa shi, shi ya sa take shan wuta kullum ba ta tsagewa. Da zan gina mata tanda da yumɓuna na babbar wuta in ɗora a murhu, da wuya ta kai kwana biyu, don jikin da ya toshe ba ya jure zafi a gefe ɗaya da sanyi a ɗaya gefen. Matar da ta gina tandar nan ba ta taɓa jin cewa yashin cikin yumɓu na kumbura farat ɗaya a digiri 573 ba, amma ta san lokacin da ake lallaɓa wuta da lokacin da ake sake mata. Duk wanda ya ce miki wannan ƙaramin ilimi ne, ki ba shi yumɓu ya gwada.

Haka kofi: kaurin bakinsa ya dace da leɓe, hannunsa ya karɓi yatsu ba tare da sun taɓa jikin mai zafi ba. Butar shayi ta zuba ba ta ɗiga, murfinta kada ya faɗo in an karkata, kuma ki tuna yumɓu na raguwa da wajen kashi 10 cikin 100 ko fiye tsakanin gini da gashi, don haka tare ake auna murfi da baki tun suna ɗanye. Sai batun da ba na wasa da shi, wato abin da ake shafa wa cikin mazubin abinci. Gilez mai dalma yana narkewa a ƙaramar wuta ya ba da ƙyalli mai kyau, shi ya sa yake ruɗar masu koyo, amma tsamin kunu ko lemo na jawo gubar ta shiga abinci. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito. Fentin mai ma haka, kada ya kusanci abin da za a ci a ciki. Muna da farar ƙasa a Alkaleri, muna da tokar itace da ta ɓuntun shinkafa, muna da garin dutse, kuma da waɗannan ake haɗa gilez mai lafiya in akwai babbar wuta. In babu, makubar da kaka ke yayyafa wa tukunya tana da zafi ta fi miki duk wani ƙyalli.

Abin kallo an sauke masa duk wannan kaya. Ba ruwansa da leɓe, ba ruwansa da murhu, yana iya yoyo, yana iya karkacewa. Ɗalibai na ganin sauƙi ne, ni kuwa ina ganin ya fi wuya, don ba shi da abin fakewa. Kofi ko bai yi kyau ba za a sha shayi da shi. Abin kallo in bai riƙe ido ba, ya zama tarkace mai cin wuri. Dole ya tsayu ta kowane gefe, ba gaba kaɗai ba. Dole inuwarsa ta yi magana. Dole kuma a ga dalilin da ya sa da yumɓu aka yi shi ba da siminti ko ƙarfe ba. In na gama nawa nakan ajiye shi a tsakar gida, in kewaya shi da hantsi, in sake kewayawa da la'asar sa'ad da rana ta kwanta. Yawanci akwai gefe ɗaya da ya mutu, kuma sai hasken la'asar ke tona shi.

Abin da ya fi cika ɗakunan baje kolin ɗalibai shi ne na tsakiya, jemage, ba ga tsuntsu ba ba ga dabba ba. Buta ce an murɗe mata baki har ba ta zuba, amma murɗewar ba ta ce komai ba. Tulu ne na kasuwa an shafe shi da fenti an manna masa wuri. Mai shi ya gudu daga hukuncin amfani da sunan fasaha, ya kuma gudu daga hukuncin ido da sunan al'ada. Wannan nake roƙonki ki guje wa. Kafin ki taɓa yumɓu ki san wa za ki amsa wa a wannan aikin, in ma duka biyun ne, to ki biya kowanne haƙƙinsa cikakke. Ana iyawa. Kaskon turaren wuta misali ne a gabanmu: dole ya riƙe garwashi, gindinsa kada ya ƙona darduma, iska ta shiga hayaƙi ya fita, sannan a tsakiyar ɗaki yake zama kowa na kallonsa. Hujin da hayaƙi ke bi shi ne adonsa. Na fi shekara 10 ina gina shi ban ƙure shi ba.

Ba ki tambaya ba, amma na san zancen zai taso a gida ko a unguwa, wato batun surar abu mai rai. Hadisan da suka yi magana a kan masu yin sura sanannu ne, hukunci kuma na malamai ne, ki nemi wanda kika amince da iliminsa. Ni dai ba na gina mutum ko dabba, kuma ban taɓa jin an ƙuntata mini ba. Ginin siffa bai tsaya ga mutum-mutumi ba, mafi yawan abin da ake yi da yumɓu a duniya yau ba shi da fuska. A ƙarni na 10 maginan Nishapur ta ƙasar Iran da Samarkand ta Uzbekistan ta yau suna yin fararen kwanoni da rubutun Kufi baƙi a kewayen baki, tsakiya wayam, kuma har yau masu zane na koyon yadda ake barin fili daga gare su. Mu kuma muna da zanko a kan soraye, da bakan gizo a cikin zaure, da dagi, da siffar rumbu, da allo. Ki je Kafin Madaki ki ga ɗakin da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, ki ɗaga kai ki kalli yadda ƙasa ta lanƙwasa a sama. Ba banza ba Hausa ta kira mai gina soro da mai gina tulu da suna ɗaya, magini. Ke da kika tashi kina hango Dutsen Bima da duwatsun Tula, ba ki rasa siffar da za ki ɗauko ba.

Sai kuɗi, don ba a cin yabo. Masu sayen abin kallo a Gombe da Bauchi ba su da yawa, kasuwarsa tana Abuja da Legas da ƙetare, kuma ba ta buɗe wa sabon shiga da wuri. Gas na gashi da tsada, wutar lantarki ba abin dogaro ba. Kusan duk wanda na sani a sana'ar nan kofi da kasko da tukunyar fure ke ciyar da shi, su ke biyan kuɗin wutar da ake gasa abin kallo a gefe. Ba abin kunya ba ne. Lucie Rie, wadda ta gudu daga Ostiriya zuwa Landan a 1938 ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan maginan Ingila, maɓallan riga na yumɓu ta yi ta yi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu don ta rayu. Kuma maimaicin nan shi ke gyara hannu. Wanda ya ja kofi 500 yatsunsa sun san kaurin bango ba sai ya auna ba, ranar da ya tashi gina babban abu su za su riƙe shi.

Abin da ke ci mini rai a harkar shi ne suna. Randar kakarki za a saye ta a kasuwa bayan an yi ta ciniki, ba wanda zai tambayi wa ya gina. In wani mai digiri ya kwaikwayi siffarta ya sa hannu a gindi, sai a kira shi mai fasaha, farashi ya ninka ba adadi. Roba da tukunyar ƙarfe sun riga sun cinye rabin kasuwar matan nan, sannan mu da muka yi boko mu zo mu ɗauki siffarsu ba ko na gode. In kin rubuta bayanin aikinki na ƙarshe, ki sa sunan kaka da garinta a matsayin wadda ta koya miki, da inda take ɗebo yumɓu, da yadda take gashi. Ki sassaƙa mata ɗan hatimi ta riƙa dannawa a gindin tukwanenta tun suna ɗanye.

Amsar da za ki ba ta kuwa tana cikin ɗakinta. Ki tambaye ta jerenta na aure. Tasoshi da kwanuka da fanteka da aka ɗora tun daga ƙasa har kusa da rufi, an goge suna walƙiya, mata na shigowa ganin ɗaki suna yabawa, wa ya taɓa cin tuwo a cikinsu? Yau shogilas ya gaje su, cike da tangaran da ba a taɓa jiƙawa ba. Matan Hausa sun san mazubin da aikinsa kallo ne tun kafin a gina zauren baje koli a ƙasar nan. Ki ce mata, "Kaka, wannan na jere ne." Za ta gane nan take. Amma ki shirya, don daga nan za ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta saurari ƙara, ta shafa ciki in hannu na shiga. In ta ce gindin ya yi nauyi, to ya yi.

Ga abin da nake ba ki shawara ki yi da watannin da suka rage. In an yi hutu ki koma gabanta ki gina tulu 10 irin nata, ba ƙari ba ragi, har ta ɗauki ɗaya ta zuba ruwa ta ajiye a ɗakinta. Daga nan ki gina na 11 ki canza abu ɗaya tak: ki rufe bakin, ko ki ja wuyan ya ninka tsayi, ko ki tsaga cikin ki bar tsagar. Ki ajiye shi kusa da sauran ki ga abin da canjin ya yi. Na 12 ki ƙara gaba daga inda na 11 ya tsaya. Ki kai duka makaranta ki jera su a layi ɗaya, na ruwa da na kallo, kada ki ware. In kin rufe baki, kada ki manta da huji a gindi ko da na tsinke ne. Kuma tun da aikin zai faɗo cikin hunturu, ki lulluɓe su da leda su bushe a hankali a inuwa, don iskar Gombe ta wannan lokaci tana tsaga wuyan tulu a dare ɗaya. Wancan da kika kai wa kaka kuma, ki aiko mini da hotonsa ta gefe huɗu da na gindinsa, ki gaya mini kaurin bangon da irin wutar da ya sha.